Wutar magariba da taransifomar unguwarmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya a nan Bolari, cikin garin Gombe.

Kowa ya san ihun yara na "an kawo wuta!" Kafin minti biyar uwargida ta jona dutsen guga, an tsoma hita a bokiti, maigida ya tayar da injin jan ruwa, firji da firiza sun ɗauka gaba ɗaya. Haka ake yi a kowane gida, galibi daga magariba zuwa ƙarfe goman dare. Sai ka ga fanka tana juyi da ƙyar kamar mai jin barci, can kuma sai taransifoma ta buga ƙara. Bara da bazara tamu ta ƙone, muka yi karo-karo gida-gida, muka shafe sati uku muna kwana a tsakar gida, sauro na biki.

Bayan nan ne ƙanena, mai aikin wayarin, ya kawo min soket mai agogo. Ana saita masa lokaci, shi zai kunna na'ura ya kuma kashe ta. Na sa injin ruwa a kansa, ba ya tashi sai ƙarfe ɗayan dare, lokacin da unguwa ta yi shiru. Akwai wani da ake sarrafawa ta waya, har yana nuna yawan wutar da kowace na'ura ke sha. Da shi na gane dutsen guga ɗaya, mai wat 1,000, yana cin wuta kusan daidai da kwan LED ɗari. Ni kuwa da yara nake ta faɗa kan barin fitila a kunne!

Sai dai a kula wajen saye. Mai agogon da ba shi da batir yakan rikice da zarar an ɗauke wuta, ka saita shi tsakar dare ya tashi da hantsi. Kuma ƙaramin soket ba ya ɗaukar hita, narkewa yake yi, sai an nemi babba, mai amfiya 16.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, maƙwabtana sun ƙi saye, kuma ban ga laifinsu ba. A Afrilun 2024 NERC, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, ta kai kuɗin yunit ɗaya na rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225, amma farashin ɗaya ne ko da magariba ka sha wutar ko da asuba. Wanda ba shi da mita kuwa, ana kawo masa bil na ƙiyasi, ya kashe kaya ko ya bar su duk ɗaya ne a aljihunsa. To don me zai ɗaga gugarsa zuwa dare? A Ingila akwai tsarin Economy 7, inda wutar awa bakwai na dare ta fi ta rana araha, shi ya sa mutane da kansu suke tura manyan na'urorinsu can.

Ina kira ga hukumar da ta duba irin wannan tsari, ta fara da tabbatar wa kowane gida mita. Mu kuma a Bolari na kai maganar gaban mai unguwa, ko a layinmu kaɗai a raba wa masu injin ruwa lokaci kafin zafin Maris ya shigo.

Naku mai karatu,
daga Bolari, Gombe.