Wasiƙar godiya ga Maigida da yaran garejin da suka gyara mini mota a Yamai

Assalamu alaikum Maigida, da kai da dukkan yaran gareji. Ina gaisuwa, ya aiki, ya fama da zafin Yamai?

Ranar da na zo ɗaukar mota ban samu na yi maka godiya yadda ya kamata ba. An kira la'asar, kana wanke hannu da buta, ka miƙo mini makulli ka ce "Allah ya kiyaye hanya," ka wuce masallaci. Yau wata bakwai ke nan. A cikinsu na je Tawa na dawo sau huɗu, na shiga filin gwaji sau biyar, kuma ko sau ɗaya ban buɗe bonet a bakin hanya ba. Shi ya sa na ga ya dace in yi godiyar a bainar jama'a, 'yan'uwana masu irin motocin nan su ji abin da kuka yi da kuma yadda kuka yi shi.

Motar Toyota GT86 ce, ƙirar 2013, na saye ta a 2021 ta hanyar Kwatano. Injinta lita 2 ne, ƙarfin doki 200, giya shida ta hannu, ƙafafun baya ke tura ta. Abu biyu nake nema a wurinta, kuma duk wanda na gaya wa sai ya ce mini taura biyu ba ta taunuwa. Na farko, ni mutumin Tawa ne, aiki ne ya zaunar da ni Yamai, mahaifiyata na can gida. Daga nan zuwa can kusan kilomita 550 ne, ta Dosso, Dogondutsi, Birnin Ƙonni, a karya hagu a Tsarnawa a nufi arewa ta Badagishiri. Na biyu, mu 'yan kaɗan ne masu son tuƙi, mukan haɗu wata ranar Lahadi a wani fili mai kwalta da aka killace a bayan gari, da yardar mai wurin, mu jera tsofaffin tayoyi mu fitar da kwana-kwana, kowa ya shiga shi kaɗai ana auna masa lokaci. Ba mu da irin filin tseren Nürburgring na Jamus mai sama da kilomita 20, ba mu da ko irin wanda aka gina a Sindia ta ƙasar Senegal, amma abin da muke da shi ya ishe mu cire gudu daga titin da yara da masu babur suke bi.

Kafin in zo wurinku wani mai gyara ya riga ya taɓa motar. Ya yanke sifirin ya sauke ta ƙasa, don a cewarsa haka motar tsere take. Kyau kam ta yi a ido. Amma tafiyar farko zuwa gida, kowane tudun rage gudu sai na haye shi a karkace, cikinta na gurzar ƙasa, kuma kafin Ƙonni na faɗa wani rami da ya lanƙwasa mini wili na gaba. A fili kuma, zagaye na shida na taka birki na ji ya tafi ƙasa lagwai kamar na taka tuwo. Allah ya kiyaye, tayoyin da muka jera ne suka tare ni.

Da wannan na shigo garejinku, kuma abin da na zo nema shi ne a ƙara wa injin ƙarfi, a sa turbo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, da salansa mai ƙara. Ba ka ce mini e ba, ba ka ce a'a ba. Ka sa aka ɗaga motar, ka shimfiɗa kwali ka kwanta ƙarƙashinta da tocila a baki. Ka daɗe. Sai ka kira ni ka ce in durƙusa, ka kama yatsana ka ɗora a kan kaskon baƙin mai, inda dutse ya kankare ƙarfen har ya yi fari. Ka ce, "Ƙanena, wannan wurin saura ƙiris ya huje. Da ya huje tsakanin Dutsi da Ƙonni da tsakar rana, injin ka rasa." Da ka fito kana karkaɗe riga ka tambaye ni, "Dawaki 200 ɗin da ke ciki, ka gama hawansu ne da kake neman ƙari?" Ban da amsa, domin gaskiya ka faɗa.

Daga nan ka zaunar da ni a kan benci, aka kawo shayi, ka yi mini bayani dalla-dalla. Injin nan yana matse mai da iska har ninki 12.5, saboda haka tun asali mai kyau yake so. Mu kuwa a hanya ba kullum mutum ke samun yadda yake so ba, wani lokaci sai na kwalba a bakin titi. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, iskar da injin ke shaƙa ma da zafinta take shiga. Idan aka ɗora turbo a kan wannan, ka ce, injin zai fara ƙwanƙwasa, ƙarshenta fistan ya narke. Turbo ɗin shi ne aikin da ya fi kuɗi cikin duk abin da na lissafa, kuma kai da bakinka ka soke shi. Na sha shiga gareji a rayuwata, ban saba ganin mai gyara ya mayar da kuɗin da ya kawo kansa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar ƙafafu. Kun cire yankakkun sifirin kun sa sababbi tare da amortisa, wato abin da ke shanye girgizar hanya, irin wadda ake iya sassautawa ko a ƙara mata tauri da ɗan maɓalli a sama. Ni na ɗauka za a riƙa ɗaga motar in za ni Tawa, a sauke ta in za ni fili. Ka ce a'a, duk ranar da aka taɓa tsayin mota, tsayuwar tayoyinta ta canja, sai an sake awo, kuma wanda ke yin haka kowane mako wata rana zai manta. Daga masana'anta tsakanin cikinta da ƙasa milimita 130 ne. Ka ɗaga ta kaɗan sama da haka, ka yi awon ƙafafu sau ɗaya, ka ɗaure, ka shafa jan fenti a kan notunan don in gane idan wani ya motsa. Abin da ya rage mini shi ne maɓallin nan kawai: in sassauta don gargadar hanya, in ƙara tauri don kwanar fili. Yaronka babba ya rubuta mini adadin murɗawar a jikin kwali, gefe ɗaya "hanya", gefe ɗaya "fili", ya liƙa a cikin akwatin gaban mota. Har yau kwalin na nan, ya yi baƙi da yatsa.

Sai tayoyi. Motar ta zo da wili mai inci 17 da taya 215/45, wadda kaurin gefenta bai wuce milimita 97 ba. Ka ce irin wannan ta fili ce, rami ba ya tausayinta. Ka aika kasuwar Katako da wasu wurare har aka samo wili huɗu masu inci 16 da suka dace da ramukan notu biyar na motar, aka sa musu 205/55, masu gefe kusan milimita 113. A takarda bambancin bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, amma a hanyar Badagishiri kamar an sake mini mota ne. Na 17 ɗin kuka miƙar da wanda ya lanƙwashe, kuka ajiye mini su don ranar fili. A nan ne ka nuna mini abin da shekara uku ina da motar ban sani ba: idan aka kwantar da kujerar baya, tayoyi huɗu suna shiga cif, domin masu ƙera ta da haka suka tsara ta. Yanzu ranar Lahadi nakan tafi fili da tayoyin hanya, in canja a can, in gama in mayar. Ka saya mini sifana mai awo, ka ce kowane notu a ɗaure shi a kan 120, kada in bar kowa ya hau kan sifana da ƙafa yana tsalle. Motar ba ta zo da safaya ba, sai kwalbar liƙi da ɗan famfo. Ka ce mai zuwa Adar, yankinmu na Tawa, ba ya fita haka, ka samo mini ta biyar.

Birki kuwa, ba zan manta abin da ka nuna mini ba. Ka tsiyaye tsohon man birkin a cikin kofin gilashi na shayi, ka ɗaga shi a rana, ya yi duhu kamar shayin farko. Kusa da shi ka zuba sabo, fari tas kamar man gyaɗa tatacce. Ka ce man birki yana shan damshin iska a hankali, kuma ruwan da ya sha shi ke tafasa idan birki ya yi zafi. Tururi kuwa yana matsuwa, shi ya sa ƙafa ke tafiya ƙasa ba a tsaya ba. Man birki samfurin DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. Wato abin da ya kusa halaka ni a zagaye na shida ba ya cikin manyan abubuwan da nake hange, yana cikin kofin shayi. Kuka wanke layin gaba ɗaya, kuka sa takalman birki masu jure zafi amma waɗanda suke kamawa tun da sanyin safiya, domin ka ce na tsere zalla sai sun ɗumama suke aiki, kuma jakin da zai ratso titi a Dosso ba zai jira su ɗumama ba.

Sauran aikin ba mai hayaniya ba ne. Ƙaramin lagireto na sanyaya baƙin mai a bayan bamba, ma'aunin zafin mai a gaban direba, farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin, ƙugiyar ja, da tukunyar kashe gobara a ɗaure ƙarƙashin kujera. Matatar iska buɗaɗɗiya da samari ke so ka hana, ka ce hunturu ɗaya ya isa ƙura ta cinye injin, a bar ta takarda a cikin akwatinta a riƙa canjawa da wuri. Salansa mai ƙara ma ka ce in tuna awa nawa zan yi da ita a kunne kafin in isa gida, in kuma tuna maƙwabtan Inna in na shiga unguwa da dare.

Wata rana ina jira na tambaye ka inda ka koyi wannan tunani. Ka ba ni labarin watan Janairu na 2000, lokacin da tseren Dakar ya tsaya a Yamai aka kwashe motoci da babura cikin manyan jiragen Antonov zuwa Libiya. Ka ce kana yaron gareji lokacin, ka yi kwanaki kana leƙen makanikan Turawa, kuma abin da ya zauna maka a rai shi ne yawancin lokacinsu a kan notu, birki da matatar iska yake ƙarewa. Na ga wannan a hannun yaranka. Ƙaramin cikinsu, wanda bai fi shekara sha biyar ba, ya jera notunan motata a kan tsumma bisa tsarin da aka kwance su, ba wanda ya sa shi.

Ina kuma godiya da yadda kuka riƙe amana ta wajen kuɗi. Kafin a taɓa komai an rubuta mini kowane kaya da farashinsa. Da amortisa ta yi jinkirin isowa mako uku, kai ka kira ni ka faɗa mini, ban bi ka ina tambaya ba. Tsofaffin kayan da aka cire duk na tarar da su a buhu cikin but.

A fili, lokacina ya ragu ba tare da an ƙara wa injin ko doki ɗaya ba. Ina yin zagaye goma sha biyu a jere birki na nan daram, allurar zafin mai ba ta wuce inda ka nuna mini da farce ba. Biyu daga cikin abokaina sun riga sun kawo muku nasu, kuma ɗaya ya gaya mini shi ma ka hana shi abin da ya zo nema.

Da Babbar Sallah na tashi Yamai bayan asuba, na sha fura a Dosso, na ci abinci a Ƙonni, la'asar ta same ni a ƙofar gidanmu. Washegari Inna, wadda tun ranar da ta ji cikin motar yana gurzar ƙasa ta ce ba ta sake shigarta, ta yarda na kai ta gaida ƙanwarta. Muka haye tudun bakin kasuwa a miƙe, ba ta ji komai ba. Ta juyo ta ce, "Wa ya gyara ta?" Na gaya mata. Ta ce in gaishe ka, Allah ya yi maka albarka da kai da zuri'arka, ya raba hannunka da rauni. Na isar da saƙo.

Ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shigo canjin man birki kamar yadda ka rubuta a bayan kwalin. Inna ta ba ni cuku in kawo maka, da dabino na yara. A gaida mutanen gida.

Naka,
ƙanenka mutumin Tawa, mai jar GT86