Amsa ga Malamar da Ta Yi Tambaya kan Ƙirƙirarriyar Basira a Horar da Malamai

Assalamu alaikum, Malama.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga tambayar da kika yi mini a bainar jama'a, inda kika ce ɗalibanki masu koyon aikin malanta sun koma kawo miki tsarin darasi wanda ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi a rubuce, ya rubuta musu, kuma kina son sanin ko a sauran ƙasashe hana su ake yi, ko kuwa an sami hanyar shigar da wannan fasaha cikin horon malamai. Tun da a fili kika tambaya, a fili zan amsa, domin ba ke kaɗai abin ya dama ba.

An gwada hani, kuma bai ɗore ba. Hukumar makarantun gwamnati ta birnin New York ta toshe ChatGPT a watan Janairun 2023, bayan fitowarsa da 'yan makonni, sai ga shi a watan Mayu ta janye. Daga nan hankali ya koma kan abin da ya kamata malami ya iya. A watan Satumban 2024 hukumar UNESCO ta fitar da tsarin ƙwarewar malamai a fannin ƙirƙirarriyar basira, mai ɗauke da ƙwarewa 15 a fannoni 5: fifita ɗan Adam a kan na'ura, ɗa'ar amfani da fasahar, sanin tushen yadda take aiki, dabarun koyarwa da ita, da kuma amfani da ita wajen ƙaro wa kai ilimi. Guda ɗaya ne kawai a cikin biyar ɗin ya shafi sarrafa na'urar kai tsaye, sauran duk aikin hankali ne da sanin ya kamata, kuma a ganina kwalejojin da suka ƙara kwas guda na koyon latse-latse suka ce sun gama, ba su karanta tsarin da kyau ba.

Batun tsarin darasi da ya dame ki an bincike shi a Ingila. A wani gwaji da gidauniyar EEF mai tallafa wa binciken ilimi ta ɗauki nauyinsa, wanda sakamakonsa ya fito a ƙarshen 2024, malaman kimiyya da suka yi amfani da ChatGPT sun rage lokacin shirya darasi da kusan kashi 31 cikin ɗari, wato kimanin minti 25 a mako, kuma ƙwararrun da suka duba kayan darasin ba su ga raguwar inganci ba. Sai dai waɗannan malamai ne da ke bakin aiki, waɗanda suka san ajinsu, suka kuma san darasi mai kyau idan sun gan shi. Ɗalibinki bai kai nan ba tukuna. Shi rubuta tsarin darasi ba don takardar ake sa shi ba, ana sa shi ne don ya koyi hango inda yaro zai yi tuntuɓe tun kafin ya shiga aji, kuma wannan hangen ba ya samuwa ga wanda aka miƙa wa takarda a gama.

Saboda haka ba zan ba ki shawarar ƙin karɓar takardar ba, sai dai ki canza abin da kike ba wa maki. Ki ɗauki darasin tara ɓangarorin lamba. Ɗalibi ya fara rubuta nasa tsarin da hannunsa, sannan ya nemi na'ura ta rubuta nata, ya ajiye su gefe da gefe a gabanki. Sai ki tambaye shi: idan yaro ya ce rabi da sulusi sun zama biyu bisa biyar, me ya faru a kansa, kuma a wane layi na tsarin nan aka tanadi maganin wannan kuskure? Sau da yawa za ki tarar tsarin na'urar ya yi kyau a ido, yana da manufa da matakai da tambayoyin auna fahimta, amma ya cusa aikin da ba zai shiga minti 40 ba, ko ya kawo misalin da bai dace da shekarun yaran ba, wani lokaci ma ya faɗi abin da ba gaskiya ba ne da cikakken ƙarfin gwiwa. Ɗalibin da ya gano waɗannan ya gyara, shi ya cancanci maki.

Akwai kuma wurin da na'ura ke da amfani na haƙiƙa, wato atisaye kafin koyarwar gwaji. Jami'ar Central Florida a Amurka ta daɗe da ƙirƙiro TeachLivE, wani aji na kwaikwayo inda mai koyon malanta yake tsayawa gaban allon kwamfuta yana koyar da yaran zane, wani ya yi surutu, wani ya ba da amsar da ba daidai ba, shi kuma ya maimaita yunƙurinsa ba tare da ya ɓata wa yaro na gaske darasi ba. Da farko mutum ne a ɓoye yake motsa yaran yana magana da muryarsu, yanzu kuwa ana ta ƙoƙarin ɗora wannan aiki a kan ƙirƙirarriyar basira. Atisaye ne mai kyau, muddin ba a rage kwanakin shiga aji na gaske da sunansa ba.

Game da manufofin gwamnatoci, Koriya ta Kudu ta shigar da littattafan karatu masu aiki da wannan fasaha a watan Maris na 2025, a darussan lissafi da Ingilishi da ilimin kwamfuta, amma malamai da iyaye suka koka cewa an yi gaggawa, har majalisar dokokin ƙasar ta sauke su daga matsayin littattafan karatu zuwa kayan taimako a watan Agusta na shekarar. Estoniya kuwa ta fara nata shirin a watan Satumban 2025 da ɗalibai kimanin 20,000 na manyan ajujuwan sakandare, ta kuma haɗa shi tun farko da horar da malamai kimanin 3,000. A Amurka ƙungiyar malamai ta AFT ta buɗe cibiyar horo da dala miliyan 23 daga kamfanonin Microsoft da OpenAI da Anthropic masu sayar da wannan fasaha. Ban ce horon ba shi da amfani ba, amma idan mai sayar da kaya ne ya biya kuɗin koyar da yadda ake amfani da su, wajibi ne kwaleji ta riƙe ikon tsara abin da za a koyar.

Abu biyu nake roƙon ki kai gaban hukumar kwalejinku. Na farko, a fara horon da mu masu horar da malaman, domin malamin da bai taɓa kama na'ura tana ƙarya ba, ba zai iya koya wa ɗalibi kama ta ba. Na biyu, a rubuta ƙa'ida a fili cewa kada mai koyarwar gwaji ya shigar da sunan yaro ko makinsa ko bayanin lafiyarsa cikin irin waɗannan manhajoji, kuma duk wanda ya yi amfani da su a aikin da zai miƙa, ya bayyana abin da ya tambaya da abin da ya gyara da kansa.

Wassalam, tare da girmamawa,
Abokin aikinki a fagen horar da malamai.