Yaya, Kada a Sayar da Kwamfutar Baba

Liyon, Faransa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya jikin Inna? Auta ta ce ƙafar ta yi sauƙi har tana fita barka da gaisuwar makwabta, alhamdu lillahi. Ya hazo, ya sanyi? Mu nan lafiya lau, sai dai sanyin bana ya shiga ƙashi, rana kuma tun ƙarfe biyar da 'yan mintoci ta faɗi.

Na ji saƙon muryarka na ranar Juma'a. Na yi murna da za a gyara shagon zaure saboda auren yaronmu, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin. Amma da ka zo wurin da ka ce 'yan gwangwan sun taya tsohuwar kwamfutar Baba jikka biyu, sai na ji gabana ya faɗi. Sau uku ina ɗaukar waya in amsa, maganar tana tsaya mini a wuya. Shi ya sa na zauna na rubuta. Yaya, don girman Allah kada ka sallama.

Na san abin da za ka ce. Ta shekara goma sha tana shan ƙura a kan tebur, ɓeraye sun yi gida a bayanta, wayar da ke aljihun Auta ta ninka ta ƙarfi sau dubbai. Duk gaskiya ne, ni da nake wannan sana'a na fi kowa sani. Ka dai yi haƙuri ka karanta zuwa ƙarshe.

Ka tuna ranar da ta iso? 1997 ne, bayan damina. Kawu ya dawo daga Kwatano sayen motoci, ya zo da kwali uku, ɗan baro ya turo su daga tasha har ƙofar gida, yaran unguwar Bagalam ta Maradi na biye da shi. Shekara uku ke nan da karya darajar sefa, duk abin da ya fito daga waje kuɗinsa ya ninka, ga ta kuma ta hannu ce, wani ofis a Turai ya gama cin moriyarta. Abokan Baba na kasuwar hatsi suka ce ya zubar da kuɗin buhunan aya a kan talabijin marar hoto. Bai tanka musu ba. Ni ya kalla, ina ajin ƙarshe a Lise Ɗan Baskore lokacin, ya ce: "Kai ne ɗan lakwal. Ga ta nan. In ta gagare ka, ta gagari gidan nan."

Har yau ina iya lissafa abin da ke cikinta kamar yadda kake lissafa awakinka. Samfurin da ake kira 486 ce, DX2, mai gudun 66, lambar ma tana haskawa da kore a gaban akwatin, kusa da maɓallin nan da aka rubuta Turbo wanda muke tsoron taɓawa. Ƙwaƙwalwarta mega 8, rumbun ajiyarta mega 420. Yau hoton biki ɗaya da ake turowa ta waya yana iya kai mega 4, ka ga hoto ɗari sun kusa cika ta ke nan. Amma a wancan lokacin gani nake har mu mutu ba za mu cika ta ba. In ka kunna, fanka ta fara huci, lambobi su yi ta gudu a kusurwar gilashi tana ƙirga ƙwaƙwalwarta, ramin faifai ya yi gurnani, sai ƙara ɗaya, ƙit. Daga nan baƙin allo da harafin C yana jiranka. Sai ka buga WIN kafin Windows 3.1 ta buɗe. Kwana huɗu na yi kafin in gano waɗannan haruffa uku, kuma wani akawu ne da ke sallah a masallacinmu ya rubuta mini su a tafin hannu da biro.

Makon jiya wani dattijo Bafaranshe ya kawo irinta sak shagon da nake aiki, wai ta matarsa ce da ta rasu, yana son a ciro masa wasiƙunta. Da na kunna ta yi ƙit ɗin nan, wallahi Yaya sai na ji ƙamshin turaren wutar Inna, na ji sanyin simintin shagon a tafin ƙafata. Sai da na fita waje na ɗan tsaya. Kwana biyu bayan haka saƙonka ya shigo.

Kowa a gidan nan ya yi mata hidima. Inna ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa saboda hazo, har da 'yar ƙarama ta madannai. Ba a shiga da takalmi, ba a shiga da fura. In bazara ta yi, zafi ya haura 40, ba a kunna ta sai bayan isha'i ko da asuba, don in ta yi zafi sai ta sandare. Duk Juma'a nakan buɗe cikin ɓeran nan nata, abin da ake turawa da hannu don nuni a allo, in ciro ƙwallon roba in wanke, in kankare dauɗar da ta naɗe a ƙafafun ciki da tsinken ashana. Kuran kuwa, wato lantarki, in ya ɗauke kana tsakiyar rubutu, aikin awa biyu ya tafi, sai ka ce inna lillahi ka sake daga farko. A nan na koyi adana aiki duk bayan layi biyar, har gobe hannuna yana yi da kansa.

Kai kuma ka fi kowa wahala a kanta, ko ka manta ni ban manta ba. Daminar 1998 da aka yi tsawar nan, akwatin wutarta ya ƙone, hayaƙi ya fito ta baya, na zauna ina kuka kamar an yi mutuwa. Kai ka kwance shi, ka naɗe a cikin rawani, ka bi motar Ɗan Isa, Jibiya, Katsina har Kano. Kwana uku kana yawo a Sabon Gari da ƙonannen akwati a hannu kana nuna wa masu shaguna, ba ka san sunansa da Turanci ba, ba ka san shi da Faransanci ba. Ka dawo da wani, da ribar wakenka ka saya, ba ka taɓa gaya wa Baba nawa ba. A tafiyar ce kuma ka zo da Windows 95 a kan faifai fiye da goma, waɗannan 'yan murabba'i masu ɗaukar mega 1.44. Muka kwana muna sa wannan muna cire wancan, ana gab da gamawa ɗaya ya ƙi karantuwa. Sai da muka jira wata guda kafin direban da ka sani ya kawo madadinsa.

Abin da ya fi ba ni haushi da ita tun farko shi ne madannanta. Na Faransa ne, akwai é da è da ç, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Injin da ya san lissafin duniya bai san bakinmu ba. In na rubuta ƙasa sai ta fito kasa, ɗaki ya zama daki. Na koma sa 'yar alama a gefen harafi, in an buga a takarda kuma in bi da biro ina lanƙwasa kawunan. Yanzu da nake rubuta maka wannan da haruffanmu cikakku a waya, nakan tuna yawan takardun da na bi da hannu.

Sai daren shiga 2000. Azumi ake, ka tuna, rediyo ta yi wata da watanni tana cewa kwamfutocin duniya za su rikice saboda da lamba biyu suke ƙirga shekara. Muka dawo daga asham muka zauna a shagon, har da Baba da carbinsa. Sha biyu ta buga, ba abin da ya faru. Da safe da na sake kunnawa sai ta nuna 4 ga Janairu 1980. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce a bar ta haka, ta rage masa shekara ashirin. Na gyara kwanan da hannu, ta ci gaba da aikinta.

To ga ainihin abin da ya sa na rubuto. A cikin rumbun nan akwai abu biyu da babu su ko'ina a duniya.

Na farko sunansa AMBALIYA.DOC. Lokacin suna ba ya wuce harafi takwas, kalmar kuma ta cika takwas cif. Labarin Kaka ne, Allah ya jiƙanta. Dare bakwai tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofar shagon, don ta ce ba za ta shiga ɗakin aljani ba, tana ba da labarin ruwan 1945 da ya cinye tsohon garin Maradi a cikin fadama, yadda Gulbi ya shigo da dare, abin da ta ɗauka a ka da abin da ta bari, da yadda aka hau da mutane tudu aka yanka musu filaye inda garin yake yanzu. Ta faɗi unguwar da gidanmu yake a tsohon gari, ta jero kakanni har zuwa wanda ya baro Katsina bayan jihadi. Ni ina bugawa da yatsa biyu, in na yi jinkiri ta ce "ɗan nan, injin naka ya gaji ne?" Mun buga shi a takarda sau ɗaya da firintar nan mai allura da ƙararta ke tashin kaji, amma takardun gara ta cinye su, kai ka gaya mini.

Na biyu BASHI.XLS, littafin bashin Baba. Ba don a bi kowa nake so ba, Allah ya kiyaye. A shekarar yunwa ta 2005, da gero ya gagari talaka, aka cika wuraren jinyar yara a Maradi, wata asuba Baba ya tashe ni ya ce in kunna. Ya sa na riƙa karanto sunaye ɗaya ɗaya, mutanen Tibiri, na Madarunfa, na ƙauyukan da yake ba hatsi bashi. Kowane suna sai ya yi shiru kaɗan, ya ce "rubuta an yafe." Har rana ta fito muna yi. Ya hana ni faɗa wa kowa, ko Inna. Na riƙe masa har ya koma ga Mahaliccinsa, yanzu kam ina ganin ya kamata 'ya'yanmu su gani da idonsu.

Ga abin da nake roƙo. Kada kowa ya sa ta a wuta don gwaji, injin da ya daɗe a kwance yana iya ƙonewa nan take ya tafi da rumbun. Ka sa yaronmu ya kwance kusoshin baya ya zare murfin. Zai ga wani ƙarfe mai nauyi kamar ƙaramin littafi, faffaɗar igiya mai ruwan toka tana shiga bayansa. Ya zare igiyoyin a hankali, ya ciro shi, kada ya faɗi, kada a ajiye shi kusa da lasifika saboda maganaɗisu. A naɗe shi a tsumma mai tsabta a sa a akwatin Inna. Ya ɗauko mini hoton babban allon ciki kuma, ina so in ga ko batirin ya zubar da ruwa ya ci wayoyin. Faifan da ke cikin gwangwanin biskit su ma a adana, ko da rabinsu sun mutu. Gilashin kuwa kada a bar yara su fasa shi, akwai dalma a jikinsa.

Ba na yi maka alkawarin rumbun zai tashi ba. Na ga waɗanda suka fi shi tsufa sun tashi, na ga waɗanda suka ƙi. Ina da kayan karanta irinsa a nan, zan zo da su in Allah ya kai mu bikin. Jikka biyun 'yan gwangwan kuwa na haɗa da kuɗin siminti da fenti na turo, ka duba wajen mai canjin da muka saba. In wuri ne ya yi ƙaranci, a kai akwatin ɗakina na baya, a mayar masa da rigarsa in tana nan.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida Kawu, ka tambaye shi ko ya tuna nawa Baba ya biya, ni na manta. A gaida matanka da yara, da Auta da maigidanta, da mutanen masallaci. In mai zuwa ya samu kafin lokacin, a aiko mini da aya da ɗan kilishi.

Wassalam,
Ƙaninka