Ƙarin farce don kaɗa jita: jan hankali ga matasanmu na karkara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana da matasan da ke koyon jita a garuruwanmu, daga Ringim da Gumel da Auyo har Kura da Bunkure da Bichi. Yawancinsu ta waya suke koyo, kuma salon da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne kaɗawa da yatsu, inda babban yatsa ke riƙe da kaurin sauti, sauran yatsu uku kuma suna fitar da waƙar, ba tare da 'yar robar kaɗi ba. Wanda ya shiga wannan salo ba ya jimawa zai gane tsirkiyar ƙarfe tana cin farce. Daga nan sai ya ga makaɗan Turai a bidiyo da farcen kanti da aka ɗora musu a shago, ya fara lissafin kuɗin mota zuwa Kano ko Dutse don a yi masa irinsa.

Farcen na aiki, ba na musun wannan. Yana ba da sauti mai ƙarfi da tsabta, kuma tsirkiya ba ta cinye shi da wuri. Amma aikin da mai shago ta saba yi wa amare daban ne da wanda makaɗi ke buƙata, sannan rayuwar ƙauye tana da nata sharuɗɗan.

In fara da abin da ya fi komai nauyi, wato alwala. Farcen da ake ginawa a shago yana zama daram a kan farcen mutum har makonni, ruwa ba ya ratsa shi. Wanke hannu zuwa gwiwar hannu farilla ne, farce kuma yana cikin hannu, shi ya sa malamai ke cewa duk abin da ke da kauri ya hana ruwa isa jiki sai an cire shi kafin alwala da wankan tsarki. Lalle bai shiga ciki ba don shi rini ne kawai. Sauƙin shafa a kan ɗauri kuwa na mai rauni ne. Cire wannan farce yana cin kusan rabin awa, ba abin da za a yi sau biyar a yini ba ne. Musulmin da ke tunanin sa shi ya fara zuwa wurin malamin garinsu, ya bayyana masa yadda abin yake, kafin ya nemi shago. 'Yan'uwanmu Kirista masu kaɗa jita a coci ba su da wannan matsalar, sauran bayanin dai ya shafi kowa.

Me ya sa farce ke karyewa tun farko? A jita mai tsirkiyar ƙarfe, huɗu daga cikin tsirkiyoyi shida naɗaɗɗu ne da siririyar waya, suna goge farce kamar zarto. Yatsan manuni ne ke kaɗa tsirkiya ta uku, wadda ita ma naɗaɗɗiya ce, don haka farcensa ke riga na sauran ƙarewa. Ga hunturu da ke busar da farce har ya riƙa ɓarewa. Ga omo, ga ruwan fadama, ga ƙotar fartanya. Farcen hannu kuwa kimanin milimita 3 yake ƙaruwa a wata, in ya tsage tun daga tushe sai an yi wata huɗu zuwa shida kafin sabo ya maye gurbinsa.

Abin da shaguna ke yi iri uku ne. Akwai akirilik, wanda ake haɗa wani ruwa mai wari da hoda a kan buroshi a shimfiɗa, ya daskare da kansa cikin 'yan mintuna, ba ya buƙatar lantarki. Shi ya fi tauri, shi ne kuma akasarin masu tsirkiyar ƙarfe ke zaɓa. Akwai jel, wanda sai an sa hannu a ƙarƙashin fitila ta musamman kafin ya bushe, daƙiƙa 30 zuwa 60 a sabuwar fitila, minti biyu a tsohuwar. Jel ya fi laushin sauti, amma in wuta ta yi rauni ko janareta na tangal-tangal, samansa zai bushe cikinsa ya zauna ɗanye, ɗanyen jel kuwa yana jawo ƙaiƙayi da kumburin fata. Na uku shi ne liƙa siririn ƙyallen siliki da gam, wanda ya fi dacewa da ɗinke tsagewa.

Wanda ya yanke shawarar zuwa, ya tafi da jitarsa. Ya faɗa wa mai aikin tun a bakin ƙofa cewa hannun kaɗi kawai za a taɓa, yatsu uku: manuni, na tsakiya da na zobe, sai babban yatsa in ba ya sa masa robar kaɗi. Hannun da ke danne tsirkiya farcensa a yanke yake zama ƙwal. Ya kuma ce ba ya son 'yar robar nan da ake mannawa a bakin farce don ƙara tsawo. Ita ce farkon abin da tsirkiya ke kamawa ta ɓalle. A shimfiɗa akirilik ɗin a kan farcensa na asali, in kuma farcen ya gutsure a sa takardar gini a ƙarƙashi a gina tsawon a kanta.

Wajen shirya farce ake yin ɓarnar da ta fi yawa. Abin da ake buƙata shi ne a ɗan dusashe ƙyallin farcen da magogi mai lamba 180, da hannu, a hankali. Masu gaggawa sukan kunna injin gogewa su cinye farcen har ya yi ja. Wanda ya ji zafi ya janye hannunsa, domin farcen da aka sirantar ba ya komawa sai dai ya girma ya fita. Ya kuma tafi da nasa magogin sabo, ya tabbatar an tsabtace almakashi da abin tura fata. Ciwon hanta yana bin kayan yanka da aka yi tarayya a kansu, kamar yadda ake faɗa game da askar wanzami da almakashin masu yankan farce na kasuwa.

Sai ruwan haɗin akirilik ɗin. A nemi ganin kwalbar. Wanda aka amince da shi ana rubuta masa EMA. Akwai wani mai araha, MMA, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki mataki a kan zallarsa tun farkon shekarun 1970 saboda cutar da ya yi wa mutane. Ana gane shi da wari mai hawa kai, da kwalba marar rubutu, da taurin da magogi ba ya ci. Wani zai ce ai taurin nake nema. To, haɗarin ke nan: in farcen ya maƙale a ƙofar mota ko igiyar guga, maimakon ya karye sai ya ɗago farcen asali daga nama. Haɗin kuma kada ya yi ruwa-ruwa ya malala kan fata, kada ya yi gari-gari ya fito da ƙofofin iska. A bar tazarar kamar milimita ɗaya tsakaninsa da fatar gindin farce. A lokacin bazara yana daskarewa da sauri, saboda haka mai aikin da ba ta ƙware ba takan bar tudu da kwari.

Kauri shi ne inda makaɗi da mai kwalliya suka fi saɓani. Ita ta saba gina tudu a tsakiya don dogon farce ya tsaya. Makaɗi kuwa bakin farcensa bai kamata ya wuce kaurin katin ATM ba. In ya fi haka sauti zai fito a daƙile, yatsa ya daina jin tsirkiya. In ya gaza haka sosai zai tsage. A ce mata ta bar tsawon milimita 3 zuwa 4, kada ta zagaye shi, kada ta shafa jan farce. Sauran aikin na makaɗi ne, a gida, jita a cinya.

Ga yadda ake ƙarasawa. A juyo tafin hannu ya kalli fuska. Farcen da ke leƙowa bayan tsokar yatsa milimita 1 zuwa 2 ya isa, na babban yatsa ya ɗan fi haka. Tsirkiya tana fara taɓa yatsa ne ta gefen da ke kallon babban yatsa, a daidai inda nama da farce suka haɗu, sannan ta zame ta fita. Don haka ana goge bakin farcen ya zama gangare, gajere ta gefen da tsirkiya ke shiga, ya ɗan ɗaga ta inda take fita. Wanda ya kasa gane kusurwar ya naɗa samfefa a kan tsirkiya, ya riƙe da ɗaya hannun, ya yi ta kaɗawa kamar yana kiɗa; wurin da ya goge shi ne hanyar tsirkiyarsa. Bayan nan a bi bakin farcen da ƙarƙashinsa da samfefa mai laushi, lamba 600, sai 1000, sai 1500 ko 2000. Masu fentin mota suna da ita, a Kano ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa, falle ɗaya kuma zai kai wata da watanni. Ƙarƙashin farcen ne mutane ke mantawa, alhali nan ne ƙarar "ƙas-ƙas" ke fitowa.

Ba a nan kashe kuɗin ya tsaya ba. Duk mako biyu zuwa uku farce ya tura gaba, gindi ya buɗe, sai an koma an cike. Mutumin Maigatari ko Gwaram ya lissafa kuɗin mota sau biyu a wata. In aka yi sakaci gefe ya ɗaga, ruwa na shiga ya kwanta. Mai dashen shinkafa a Kadawa ko kwarin Haɗejiya, wanda hannunsa ke yini cikin ruwa, shi ya fi kowa fuskantar wannan. Kuma da wannan hannun ake cin tuwo, miya da manja suna shiga duk inda suka sami kafa. Ƙwayar cuta na samun wurin zama, farce ya koma kore. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗiga gam a danne, a rufe cutar a ciki. Abin yi shi ne a cire ƙarin gaba ɗaya, a bar farcen a bushe har tabon ya girma ya fita. In akwai kumburi ko mugunya ko zugi, sai asibiti.

Cirewa ba a yin ta da haƙori ko reza. A goge saman, a jiƙa auduga da asiton, wato ruwan da ke narkar da ƙarin farcen, a ɗora, a naɗe da takardar alminiyam minti 20 zuwa 30, sannan a ture abin da ya yi laushi. Asiton na kama wuta kamar fetur, a nisanta shi da murhu da fitilar ƙwai, a kuma ajiye jita nesa domin ɗigo ɗaya yana ɓata mata fenti. Masu ɗinke tsagewa da sufa gulu su kiyayi haɗa shi da auduga, haɗuwarsu tana fitar da zafin da ke ƙona fata.

A ganina, ga mafi yawan matasanmu, abin da ake sawa a cire ya fi dacewa. Akwai robobin kaɗi da ake zura wa yatsa kamar zobe, na babban yatsa da na sauran, ana samun su a shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari. In sun yi sako-sako a tsoma su a ruwan zafi na ɗan lokaci a matse daidai yatsa. Akwai kuma farcen roba mai ɗanko a baya, a manna lokacin kiɗa a ɓare kafin alwala, muddin ba a sa masa gam ba. Sauya tsirkiya zuwa sirara, masu lamba 11 maimakon 13, ko komawa jita mai tsirkiyar nailon, yana rage cin farce ƙwarai. Farcen asali kuma a riƙa shafa masa man kaɗanya da dare a lokacin hunturu, a riƙa rage shi da magogi maimakon almakashi, a kuma ce wa mai yankan farce na ranar kasuwa ya tsallake waɗannan yatsun. Wanda farcensa ya ƙi sam, tsokar yatsa ma tana kiɗa: Fernando Sor, wanda littafinsa na koyar da jita ya fito a 1830, da nama yake kaɗawa, haka ma Francisco Tárrega na Sifaniya ya yanke farcensa a shekarunsa na ƙarshe kafin rasuwarsa a 1909. Sautin ya fi taushi, ƙararsa ba ta kai ta farce ba, sai a matso da makirufo kusa da jitar in za a yi kiɗa a fili.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai koyar da jita, daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa