Wasiƙa daga Mompeliye kan shinkafar da ta yi rawaya

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da yara. Ni ma lafiya lau, sai sanyin Faransa da ya fara shigowa.

Na ga hotunan fadamarmu ta Gaya da Yaya ya turo, hankalina ya tashi. Ganye ya yi rawaya dabbare-dabbare, shinkafar ta tsugune ta ƙi tashi. Baba, don Allah ku dakata da sayen wani buhun taki. Kamanninta duk na cutar da nake aiki a kanta ne a nan, wadda ake kira RYMV a taƙaice, wato cutar rawayar ganyen shinkafa. A Kenya aka fara ganinta a 1966, kusa da tafkin Biktoriya, kuma a Afirka kaɗai take.

Ƙwayar tata ƙanƙanuwa ce ainun. Duk abin da ta mallaka zare ɗaya ne na RNA, wani irin rubutu mai haruffa kamar 4,450, a naɗe cikin ƙwanso da aka gina da furotin iri ɗaya guda 180. Umarni biyar kacal ke cikin rubutun. Na farko yana yin furotin P1, wanda ke toshe hanyar da shinkafa ke kare kanta, ya buɗe wa cutar hanya ta yaɗu. Wani umarnin ke yin ƙwanson. Abin da ya fi ba ni mamaki yana tsakiya: ana cikin karanta rubutun sai a koma baya da harafi ɗaya, karatun ya canza gaba ɗaya, a sami furotin da ke kwafar zaren.

Akwai kuma ɗan furotin VPg da ke maƙale a bakin zaren kamar mabuɗi. Sai ya dace da wani furotin na shinkafar kanta, wanda yake kamar kwaɗo, kafin cutar ta hayayyafa. A wasu irin shinkafarmu ta gargajiya ta Afirka kwaɗon ya bambanta, mabuɗin ba ya shiga. Ranar da na gane haka jar shinkafar da Kaka ke ajiyewa a rumbu na tuna. In da saura, ku ɗebar mini ko tiya ɗaya ku adana, ina so a gwada ta.

Babu feshin da ke warkar da wadda ta kamu. Ƙwari masu cin ganye ke ɗaukarta, haka hannu wajen dashe, da lauje, da shanu da jakuna in sun yi kiwo a ciki. Ba ta bin iri, wannan kam alhamdu lillahi. Ku tuge waɗanda suka kamu ku ƙone, bayan girbi kada a bar gyauro, a share ciyawar bakin kwalbati. A kira malamin gona ma ya zo ya gani da idonsa.

Zan aiko da kuɗin leburori ƙarshen wata in sha Allahu. A gaida Inna, a ce yajin da ta ba ni ya kusa ƙarewa.

Ɗanku mai neman albarkarku.