Don Williams Bai Yi Suna Dare Ɗaya Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na rubuto ne kan shirinku na daren Asabar a kan Don Williams, mawaƙin country ɗan Amurka. Wallahi raina ya ɓaci. Yaron nan da kuka ba shirin ya buɗe baki ya ce wai mutumin da sa'arsa aka haife shi, yana sa ƙafa a Nashville, cibiyar waƙoƙin country, duniya ta san shi. Haba Malam Edita! Wa ya gaya masa?

An haifi mutumin nan a 1939 a Floydada ta jihar Texas, amma waƙarsa ba ta hau mataki na ɗaya a jerin waƙoƙin country ba sai 1974, yana da shekara 35. Ina sa'ar take? Mahaifiyarsa ce ta koya masa kaɗa jita. Ya yi soja, ya fito ya yi ta 'yan buga-buga. A 1964 shi da wasu mutum biyu suka kafa ƙungiyar Pozo-Seco Singers a Corpus Christi, suka ɗan taɓa abin kirki, ƙungiyar ta watse. Sai ya koma aiki a shagon kayan ɗaki na surukinsa. Ko da ya je Nashville daga baya, Jack Clement, wani mai shirya faifan waƙa, ɗaukarsa ya yi ya riƙa rubuta waƙoƙi wasu su rera. Sai 1973 faifansa na farko ya fito.

Ko kalma ɗaya yaronku bai faɗa ba kan shagon nan, alhali nan ne labarin yake. Ni na san abin da nake faɗa. Direba ne ni, da 504 nake jigila tsakanin Kaduna da Kano, kaset ɗin Don Williams ba ya fita daga rediyon motar. In zaren ya harɗe sai in tsaya gefen titi in juya shi da biro, fasinja na ta tsaki. Turancina bai kai in gane rabin abin da yake cewa ba, muryar ce kawai ke kwantar min da hankali. Da motar ta sha kashi, ni da na saba ba wasu kuɗin cefane, sai ga ni a rumfar hatsin surukina ina auna masara da tiya. Bahaushe ya san nauyin wannan. Mutumin da ko ido ba ka iya haɗawa da shi, shi ne zai ƙirgo maka na abinci da yamma, matarka kuma ta sani. Wani ɗan'uwana da ya yi boko ne ya ba ni labarin shagon kujerun a lokacin, na ce ashe ba ni kaɗai ba ne.

Shi ya sa na kasa haƙuri. Kun ɓata rabin shirin kuna yabon hularsa da gemunsa, kuna nanata cewa ya rasu a 2017, kamar mu ba mu sani ba. A sake shirin, a ba wanda ya san abin.

Sannan don Allah ku daina yanke waƙa a tsakiya kuna sako tallan maganin basir. Ranar nan ko baiti na biyu ba a kai ba mai maganin ya faɗo da ihu, har jikata ta firgita.

Naku,
Tsohon direba, daga Kaduna