Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Editoci da Masu Bitar Maƙalun Sa Ido kan Cututtuka

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da waɗanda aka ɗage don ba a cika ba.

Abin da ya wanke mana fuska a bana shi ne bitar da muka shirya kan wallafa bayanan ɓarkewar cuta cikin gaggawa. An buɗe da gajeren rahoton nan na MMWR, mujallar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, na 5 ga Yunin 1981, kan wasu samari 5 a Los Angeles da suka kamu da ciwon huhun da ba ya kama mai lafiya. Daga baya aka gane farkon labarin ƙanjamau ke nan. Sai aka kawo maƙalar gwajin PCR na gano korona da mujallar Eurosurveillance ta fitar ranar 23 ga Janairun 2020, kwana biyu da miƙa ta. Masu son sauri suka fara murmushi. Nan take aka tuna musu watan Yunin 2020, lokacin da mujallun Lancet da New England Journal of Medicine suka janye maƙaloli biyu saboda an kasa tantance bayanan kamfanin Surgisphere da aka gina su a kai. Muhawara ta yi zafi har aka manta da hutu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai jadawalin da wata jami'ar sa ido ta haska a allo ne. Babu suna ko ɗaya a ciki. Akwai gunduma, jinsi, shekaru da makon da aka kamu, kuma a wani layi mutum ɗaya ne tak. Ta ce duk wanda ke zaune a gundumar ya san ko wace ce. Ɗaki ya yi tsit. A nan aka amince cewa edita ya nemi a haɗe ƙananan alƙaluma irin wannan kafin a buga, bisa ruhin ƙa'idojin ɗa'a na sa ido da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017. Muna godiya ga waɗanda suka ɗauki nauyin kansu suka zo.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Daftarin manufarmu kan wanda ya cancanci a sa sunansa a maƙala bai kammalu ba, kuma na ji ana ƙorafi. Sharuɗɗa 4 na ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, a bayyane suke, matsalar ita ce jami'an da ke cike fom da ɗaukar samfur kullum a sashen godiya suke ƙarewa, alhali ba a taɓa ba su damar duba rubutun ba balle su cika sharuɗɗan. Wannan muka so mu gyara. An tura daftarin ga kwamiti, an sake turawa, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ni kaɗai ba zan rubuta manufa in amince da ita in kuma sa hannu ba.

Haka fassarar jerin ƙa'idojin rubuta rahoton bincike na RECORD na 2015, wanda ƙari ne a kan irinsa na STROBE na 2007 don bayanan da ake tarawa yau da kullum a asibitoci. Ta tsaya a rabi, domin babu abin biyan mai duba fassarar. Batun ƙirƙirarriyar basira kuwa ko taɓa shi ba mu yi ba, ko da yake tun 2023 ICMJE ta ce ba a sa ta a jerin marubuta.

Duk wannan rashin biyan kuɗin ƙungiya ne ya jawo. Na aika saƙo, na kira waya, wasu har sun daina ɗauka, amma idan ana rabon takardar shaidar halarta su ne a sahun gaba. Aikin sa kai nake yi kamar kowa, ni ma ina da maƙalolin da ke jirana a tebur. Masu bita da suka karɓi aiki suka riƙe wata da watanni, a kan cutar da ke yaɗuwa a mako, don Allah wanda ba zai iya ba ya maido a ba wani.

Ma'aji zai karanta sunayen masu bashi a babban taro. Wanda ya biya kafin ranar ba zai ji nasa ba.

Sakataren ƙungiya